Abin da ya raya The Frozen Throne fiye da shekara 20, da inda mai son zana taswira zai fara

Wani ɗan'uwa ya aiko da tambaya cewa bai jima da fara buga wasan kwamfuta na yaƙi mai suna Warcraft III ba, kuma ya lura duk wanda ya tarar a intanet The Frozen Throne yake bugawa, babu mai waiwayar Reign of Chaos wanda shi ne wasan asali. Yana son sanin abin da wannan ƙarin da aka ɗora a kan wasan asali ya canza har ya shafe na farkon, sannan yana da sha'awar zana taswirar kansa amma bai san ta inda zai kama ba.

Ɗan'uwa, tambayoyin naka biyu ne a baki, amma jijiyarsu ɗaya. Yawancin mutane suna auna darajar ƙarin wasa da yawan sababbin mayaƙan da ya kawo, ni kuwa a ganina mayaƙan su ne mafi ƙanƙantar abin da The Frozen Throne ya zo da shi. Abin da ya raya shi shi ne gyaran dokokin da suka sauya saurin wasan, da kuma buɗe wa 'yan wasa kayan aikin da masu kamfanin suke amfani da su. Wanda bai fahimci na farkon ba, ba zai zana taswira mai kyau da na biyun ba, don haka da dokokin zan fara.

Kamfanin Blizzard da ke Irvine a jihar Kalifoniya ta Amurka ya fitar da Reign of Chaos a watan Yulin 2002, sannan ya biyo shi da The Frozen Throne ranar 1 ga Yulin 2003, duka a ƙarƙashin jagorancin Rob Pardo a matsayin babban mai tsara wasa. Shekara guda ke tsakani, kuma wannan shekarar ta ba su damar kallon dubban wasanni a Battle.net, dandalinsu na wasa ta intanet, su ga inda tsarinsu yake ɗingishi. Kowace ƙabila daga cikin huɗun da ɗan wasa yake zaɓa ta sami sabon jarumi guda: Blood Mage ga Human, Shadow Hunter ga Orc, Warden ga Night Elf, Crypt Lord ga Undead. Kowacce kuma ta sami ƙarin mayaƙa, kuma idan ka dube su da kyau za ka ga ba don ado aka kawo su ba. A wasan asali, wanda ya tara masu sihiri da yawa yakan gagari abokin karawarsa, domin maganin sihiri bai wadatu ba. Sai ga Spell Breaker yana sace sihirin abokin gaba, Spirit Walker yana warware shi, Faerie Dragon yana azabtar da mai yin sa, Destroyer kuma yana haɗiye shi. Wato kowace ƙabila an miƙa mata maganin ciwo guda, kowacce ta hanyar da ta dace da halinta. Haka ma Obsidian Statue, wanda ya ba Undead hanyar warkar da mayaƙa a filin daga ba tare da komawa gida ba.

Dokar da ta fi kowacce tasiri ita ce ta harajin riƙe runduna, kuma sababbin 'yan wasa ba su cika lura da ita ba sai bayan ta yi musu illa. Kowane mayaƙi yana cin gurbin abinci, jarumi yana cin 5. A Reign of Chaos iyakar ita ce 90, haraji kuma yana farawa ne da zarar ka wuce 40. The Frozen Throne ya ɗaga iyakar zuwa 100, ya mayar da matakan haka: daga 0 zuwa 50 babu haraji, ma'aikaci ya ɗauko zinariya 10 ka karɓi 10, daga 51 zuwa 80 ka karɓi 7, daga 81 zuwa 100 ka karɓi 4 kacal. Wannan ƙarin guraben 10 da aka yi kafin haraji ya fara kamar ba komai ba ne, amma shi ne ya ba ɗan wasa sararin riƙe jarumai biyu da 'yar runduna mai ma'ana yana tara kuɗi. Shi ya sa za ka ga ƙwararre ya tsaya cak a kan 50 na tsawon mintuna, zinariya tana taruwa, yana sayen kayan jarumi da inganta makamai, sai lokacin da ya yanke shawarar yin babban karo ya zuba kuɗin gaba ɗaya ya haura 70 ko 80 cikin ɗan lokaci. Wanda ya tsallaka zuwa 52 ba da niyya ba ya ba da kashi 30 cikin 100 na kuɗin shigarsa don mayaƙi ɗaya. Wannan doka ce ta sa wasan ya zama na ƙananan runduna inda mutuwar mayaƙi guda take da ciwo, kuma ciwon biyu ne, tun da jarumin abokin gaba yana samun ƙwarewa daga duk wanda ya kashe maka.

Sai batun jarumai da dodannin daji, wato halittun da suke tsare wurare a taswira ba na kowa ba. Jarumi yana hawa har mataki na 10, kuma a mataki na 6 yake samun babban sihirinsa. A The Frozen Throne jarumi ba ya samun ƙwarewa daga dodanni da zarar ya kai mataki na 5. Ma'anar wannan ita ce ba za ka ɓuya a lungu kana farautar dodanni har ka sami babban sihiri ba. Dole ka fito ka zubar da jinin abokin karawarka kafin ka kai 6. An kuma ba kowace ƙabila kantin da take ginawa a gida, inda ake sayen magunguna da kayan tsira, aka kuma kafa Tavern a wasu taswirori, inda kowa zai iya hayar jarumin da ba na ƙabilarsa ba, irin su Naga Sea Witch, Beastmaster, Dark Ranger, Pit Lord da Pandaren Brewmaster. Tavern ɗin yana kuma farfaɗo da jarumin da ya mutu nan take a kan kuɗi mai tsada, abin da ya sa wurin da aka ajiye shi a taswira ya zama babban al'amari.

Aikin bai ƙare ranar da aka fitar da wasan ba. Labarin jarumi Rexxar, wanda aka tsara kamar wasan yawon jarumi ɗaya maimakon gina sansani, kashi na farko kaɗai ya zo a faifan, sauran biyun ta faci, wato gyaran da kamfani yake turowa ta intanet, aka sauke su daga baya. Jaruman Tavern Goblin Tinker da Firelord da Goblin Alchemist su ma ta faci suka shigo a 2004. A wannan tsarin ne Grubby ɗan ƙasar Holan ya ci gasar World Cyber Games a 2004 da 2008 da Orc, Sky na ƙasar Sin ya ci ta a 2005 da 2006 da Human, Moon na Koriya ta Kudu kuma ya yi suna da Night Elf har ake yi masa laƙabi da ƙabila ta biyar.

Yanzu ga taswira. Iri biyu ne, kuma kada ka haɗa su a aikinka na farko. Akwai taswirar karo, wadda take bin dokokin wasan kamar yadda suke, aikinka kawai shimfiɗa ƙasa. Akwai kuma taswirar da mai zanen yake kafa dokokinsa, har ta zama wani wasa dabam.

Taswirar karo tana da sauƙin farawa da wuyar gamawa. Abubuwan da ke hannunka 'yan kaɗan ne: wurin da kowane ɗan wasa zai fara, ramukan zinariya, bishiyoyi, sansanonin dodanni, gine-ginen da ba na kowa ba, da hanyoyin da suka haɗa su. Amma kowanne yana karkata wasan zuwa wata ƙabila. Human yana iya mayar da ma'aikatansa mayaƙan wucin gadi na ɗan lokaci, don haka idan ka ajiye ramin zinariya na biyu kusa da gida kuma dodannin da ke tsaronsa ba su da ƙarfi, ka ba shi sansani na biyu kyauta tun farkon wasa. Idan kuma ka nisanta shi ka ɗora masa dodanni masu tsanani, kamar yadda yake a Turtle Rock, ka mayar da wasan na rami ɗaya, inda ƙabilar da ta fi iya kai hari da wuri take cin riba. Echo Isles ƙarama ce ta mutum biyu, kowa ya san inda ɗan'uwansa yake, don haka tsokana take farawa tun minti na farko. Twisted Meadows kuwa babba ce mai wuraren farawa huɗu, sai ka nemo abokin karawarka tukuna, kuma nisan da ya faɗo tsakaninku shi yake yanke irin wasan da za a yi. Ƙaramar taswirar da ke kusurwar allo tana nuna sansanonin dodanni da launi uku, kore ga masu sauƙi, ruwan lemo ga matsakaita, ja ga masu tsanani, kuma jerin da ɗan wasa zai bi yana cin su shi ne ainihin ƙashin bayan taswirarka. Ka tabbata kowane ɓangare yana da kore ɗaya ko biyu da jarumi zai iya ci da mayaƙa biyu ko uku, kuma kayan da dodannin suke yasarwa daga aji ɗaya suke a ɓangarorin biyu. Ka tuna kuma yawancin dodanni suna barci da dare, wanda yake sauya hanyoyin da za a iya ratsawa lafiya.

Taswirar karo ta farko da na zana, na yi alfahari da ita ƙwarai, domin a ido ɓangarorin biyu kamar an tsaga kara suke. Muka buga ta sau da yawa da wani abokina, sai muka lura duk wanda ya fara a arewa yakan riga ɗan kudu gina babban ɗakinsa na mataki na biyu. Na yi ta zargin hannuna, har ranar da na buɗe taswirar na ƙirga murabba'an da ke tsakanin babban gida da bishiyar farko. Na kudu ya fi nisa da murabba'i biyu. Kowace tafiya ta mai saran katako tana ƙaruwa da ɗan abin da ido ba ya gani, amma ma'aikata da yawa suna yin ta sau ɗaruruwa. Tun daga ranar ba na amincewa da ido. Rabi guda nake zanawa, in kwafe shi in juya, sannan in sa agogo in auna tafiyar ma'aikaci daga kowane gida zuwa zinariya, zuwa katako, zuwa Tavern.

Kada ka ɗauka wannan aikin banza ne da ba mai gani. Taswirori irin su Amazonia, Last Refuge, Concealed Hill da Northern Isles 'yan wasa ne suka zana su, kuma sun shiga jerin da ake buga manyan gasa a kai. Tun 2020 kuma akwai W3Champions, dandalin karawa da 'yan wasa suka gina da kansu, wanda yake sauya taswirorinsa lokaci zuwa lokaci yana shigo da sababbin da jama'a suka zana.

Iri na biyun shi ne inda The Frozen Throne ya yi abin da ya fi ƙarfin niyyar masu shi. World Editor, wato manhajar zana taswira, ya zo tun tare da Reign of Chaos, amma a lokacin abin da kake iya gyarawa cikin sauƙi bai wuce siffofin mayaƙa ba. Ƙarin ne ya buɗe gyaran sihiri, kayan jarumi da ingantawa, ya kawo hanyar shigo da sura da sauti daga waje, da hanyar ɗinke taswirori su zama dogon labari. Daga ranar, mutum ɗaya a ɗakinsa yana iya ƙirƙiro jarumi mai sihiri huɗu da babu su a wasan. Sakamakon da kowa ya sani shi ne Defense of the Ancients, wadda ake taƙaitawa da DotA. Wani mai zane da ake kira Eul ne ya fara ta a kan Reign of Chaos, yana koyi da Aeon of Strife ta wasan StarCraft. Bayan fitowar ƙarin aka sami ire-irenta barjat, har aka tattara jarumansu a DotA Allstars, wadda Steve Feak, da aka fi sani da Guinsoo, ya riƙe ya shigo da haɗa ƙananan kaya su zama babba, da dodon nan Roshan, wanda sunan ƙwallon bolin ɗinsa ya sa masa. A 2005 wani mai zane da ake kira IceFrog ya karɓa. Tsarin bai da yawa a faɗa: mutum biyar da biyar, hanyoyi uku, kowa da jarumi ɗaya, mayaƙa suna fitowa da kansu. Abin lura shi ne duk tubalin na Warcraft III ne, wato hawan mataki, aljihun jarumi mai gurbi 6, kantuna da dodanni. Gina sansani kawai aka cire. Guinsoo ya tafi Riot Games inda aka fitar da League of Legends a 2009, Valve ta ɗauki IceFrog a wannan shekarar ta fitar da Dota 2 a 2013. A gefe guda kuma taswirorin kare hanya da hasumiyoyi, irin su Wintermaul da Element TD, sun yaɗa wani nau'in wasan dabam.

Idan nan zuciyarka ta karkata, abin da za ka koya shi ne tiriga, kuma ginshiƙinta uku ne: abin da ya faru, sharaɗin da za a duba, da aikin da za a yi. Misali, mayaƙi ya shiga wani yanki. Idan na abokin gaba ne. A rage wa mai tsaron rai ɗaya a cire mayaƙin. Da wannan jimlar kaɗai ka gina zuciyar wasan hasumiya. Ana haɗa su da danne-danne ba tare da rubuta komai ba, amma a ƙarƙashi komai yana komawa harshen kwamfuta na JASS, kuma tun facin 1.31 na 2019 ana iya rubutawa da Lua. Shawarata ita ce ka fara da danne-dannen, kana mayar da abin da ka haɗa zuwa rubutu kana karantawa, domin ta haka za ka gane abin da kwamfutar take yi da gaske.

Ramuka biyu ne kusan kowane sabon mai zane yake faɗawa. Na farko shi ne yoyo. Duk lokacin da tirigarka ta tambayi inda mayaƙi yake tsaye, ko ta tara mayaƙa a rukuni, wasan yana ƙirƙirar wani abu a ƙwaƙwalwar kwamfuta, kuma ba ya share shi da kansa. Ka ɗauka kana da sihirin da yake motsa mayaƙi kowane kashi 3 cikin 100 na daƙiƙa. Wannan kusan sau 33 ke nan a daƙiƙa guda, wato kimanin 40,000 a minti 20 ga mayaƙi ɗaya, miliyan biyu idan mayaƙan 50 ne. Na taɓa yin wannan kuskuren a wata taswirar hasumiya: gwajin minti biyar da nake yi ni kaɗai lafiya lau, amma ranar da muka cika muka yi nisa, sai hoton ya fara tsinkewa, mayaƙa suna tsalle daga wuri zuwa wuri, bayan an gama kuma wasan ya daɗe kafin ya saki allon. Maganin layi ɗaya ne a kowane wuri: ka ajiye abin a suna, ka yi amfani da shi, ka share shi. Na biyun shi ne rabuwar lissafi. Wasan ba ya aika hoton filin daga tsakanin 'yan wasa; umarnin da kowa ya bayar kawai yake aikawa, kowace kwamfuta ta yi lissafin da kanta, kuma dole sakamakon ya zo daidai. Idan ka rubuta abin da zai ƙirƙiri mayaƙi ko ya jefa ƙuri'a a kwamfutar mutum ɗaya ban da sauran, nan take lissafin ya rabu a watsar da 'yan wasa. Abin da ya halatta ka keɓe wa mutum ɗaya shi ne abin gani da ji kawai, kamar rubutu ko launi ko sauti.

Girman fayil ba ya takura mutane kamar da. A farko iyakar taswirar da za a buga a intanet megabait 4 ce, facin 1.24 na 2009 ya mayar da ita 8, daga baya aka ɗaga ta zuwa 128. Wannan facin na 2009 ya kuma toshe wata kafa a JASS da manyan taswirori da yawa suka dogara da ita, dole aka sake rubuta su, don haka idan ka tsinci tsohon darasi a Hive Workshop, dandalin masu zana taswira a intanet, ka duba shekararsa kafin ka bi shi. Facin 1.29 na 2018 ya ɗaga yawan 'yan wasa daga 12 zuwa 24.

Akwai kuma batun mallaka, wanda gara ka san shi tun kafin ka zuba watanni. Blizzard da Valve sun yi jayayya a kan sunan Dota, suka sasanta a 2012, Valve ta riƙe damar kasuwanci da sunan. Da aka fitar da Warcraft III: Reforged a watan Janairun 2020, sharuɗɗan amfani sun fayyace cewa taswirorin da aka zana da kayan aikin mallakar Blizzard ne. Ga mai koyo wannan ba ya hana komai, amma idan wata rana ka ga dabararka ta isa ta zama wasa mai zaman kansa na sayarwa, ba a cikin World Editor za ka gina wannan ba.

Ga yadda zan tsara maka makonnin farko. Ka buɗe Echo Isles a World Editor, kada ka taɓa komai, ka danna kowane sansanin dodanni ka ga matakinsu da ajin kayan da suke yasarwa, ka ƙirga nisan gida da rami na biyu. Sannan ka buɗe sabuwar taswira mai faɗin 96 da tsawon 96, ta mutum biyu, da ramuka huɗu, Tavern ɗaya a tsakiya da sansanonin dodanni da ba su wuce 10 ba. Ka fara gwada ta da kwamfuta don ka ga ko akwai inda mayaƙa suke maƙalewa, musamman manya irin su Mountain Giant a ƙananan mashigai, sannan ka ba mutum biyu da suka fi ka iya wasa su buga sau uku suna musayar wuri, kai kuma ka zauna a matsayin ɗan kallo da takarda a hannu kana rubuta mintin da jarumin kowannensu ya kai mataki na 3.